Mai Naɗin Hannu

A gidan horon damben da ke saman shagon tayoyi, babu wanda bai haddace wa'azin Baba Guduma ba. Tsoho ne mai faɗin kafaɗa, hancinsa ya daɗe da kwanciya a fuska, kunnensa na hagu kuwa ya dunƙule kamar citta. Aikinsa ɗaya ne, naɗa wa 'yan dambe bandeji a hannu kafin su zura safar dambe. In ya kama hannunka to ka shiga uku, don ba zai sake ka ba sai ka ji yadda aka yi dambe a zamaninsu.

"Turmi goma sha biyar muke yi," haka yake farawa, yana jan bandeji tsakanin yatsu. "Ku kuwa sha biyu, kuna haki kamar an koro ku. Mu da safe a auna mu, da yamma mu hau. Safarmu gashin doki ne a ciki, in ka kai naushi kana jin ƙashin mutum. Taku katifa ce, wallahi katifa! Kambun duniya ɗaya ne, kowa ya san mai shi. Yanzu kambu ya fi 'yan damben yawa. A yi muku hoton ƙwaƙwalwa, a leƙa muku ido, a shafa muku mai, sa'annan ku hau waya kuna zagin juna. Wai dambe!"

Matasan su yi ta dariya, su ce, "Haka ne, Baba, mu ragwaye ne." Ba sa musu da shi. Harshensa ya yi nauyi, maganar na fita a jaye kamar ta wanda ya tashi daga barci, kuma labarin da ya ba ka da safe shi zai sake ba ka da azahar kamar sabo. In ya ɗauki kofin shayi sai rabi ya zube don rawar hannu. Amma abin mamaki, da ya riƙe bandeji rawar take tsayawa cak. Shi ya sa har yanzu ba a sallame shi ba.

Cikin duk matasan akwai wanda ba ya dariya in tsohon na magana, shi ne Auta, ɗan ƙanwarsa. Guduma ne ya fara kawo shi wurin tun kansa bai kai tsayin igiyar tsakiya ta dandamalin dambe ba. A gida ɗaya suke, don tun da lafiyar tsohon ta fara taɓuwa ƙanwar ta ba shi ɗakin baya. Yanzu Auta ya zama namiji, hannunsa na dama ya kwantar da mutane da yawa, kuma ranar Asabar mai zuwa zai yi wasan da ya fi kowanne girma a rayuwarsa. In ya ci, shi zai fuskanci mai kambu. In ya janye, an gaya masa a fili, akwai layin masu jira, ba za a sake kiransa ba.

Abin ya faru ne da rana tsaka, mako bai cika ba kafin wasan. Auta na gwajin hannu da Dogo, abokin atisayensa, su biyu da hular kariya. Naushin ma ba wani na a zo a gani ba ne, ya dai zame ta ƙasan hular ya sauka bayan kunne. Auta ya faɗi. Faɗuwa iri-iri ce, Guduma ya san su duka, kuma wannan ba ta yi masa kyau ba. Yaron ya tafi a miƙe, hannayensa suka sandare a sama, wani munshari ya fito daga maƙogwaronsa. Masu dukan buhu suka tsaya. Shiru kake ji, sai ƙarar injin cire taya daga ƙasa.

Can ya buɗe ido, ya yi wuƙi-wuƙi, ya ce, "Me ya faru?"

Koci ya tsuguna a kansa, fuskarsa ta canja. Kowa a ɗakin ya san doka. Wanda ya suma, ko a wasa ko a atisaye, sai an sanar da hukuma, a dakatar da shi makonni, a sake duba kansa. Koci ya buɗe baki zai yi magana, sai murya ta zo daga bencin naɗin hannu.

"Santsi ne," in ji Guduma. "Kai, ku watsa masa ruwa ku tashe shi. Ya ƙarasa turmin, kada tsoro ya kwana a jikinsa. Haka muke yi."

Ai kuwa kamar jira ake. Manaja, mai kwat da turare, wanda ya ƙulla wasan, ya tafa hannu ya ce, "Kun ji babba ya yi magana. Santsi ne." Ya karɓi wayar mai ɗaukar bidiyon gidan, ya goge abin da aka ɗauka da yatsansa. Aka goge dandamali da tsumma don a nuna da gaske akwai gumi a wurin. Auta ya miƙe, ya ƙarasa turmin, Dogo na taɓa shi a hankali kamar mai tsoron ƙwai. Guduma ya koma gida ranar yana jin kansa, don an daɗe ba a bi maganarsa ba.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Washegari da safe ya ji ana kakari a bayan gida, ya leƙa ya ga Auta durƙushe yana amai, ga shi babu komai a cikin sai ruwa mai ɗaci. Da rana yaron ya ja labulen falo ya ce haske na soka masa ido. Da suka zauna kallon bidiyon abokin karawarsa, sai ya juyo ya ce, "Kawu, jiya wa ya kawo ni gida?"

"Kai ka tuƙo mu mana."

"Af, haka ne fa."

Bai daɗe ba ya sake juyowa. "Kawu, jiya wa ya kawo ni gida?"

Guduma ya taɓa jin irin wannan tambayar. Shekaru masu yawa da suka wuce yana da aboki, Bahago, wanda ya faɗi a atisaye aka ce santsi ne, ya yi ta tambayar abu ɗaya ana yi masa dariya. Ya hau wasa a makon, naushi ɗaya mara nauyi ya same shi a turmi na biyu, ya zauna a kan igiya kamar mai hutawa. Daga nan aka ɗauke shi, bai sake buɗe ido ba. Guduma na manta abin da ya ci da safe, amma fuskar Bahago a kan igiyar nan ba ta taɓa gushe masa ba.

Abin haushin shi ne, komai ya ga ya samu wani bayani. A damben yanzu ana auna nauyi kwana ɗaya kafin wasa, saboda haka kowa ke matse ruwan jikinsa ya shiga ajin da ya fi shi ƙanƙanta, in an sauka daga sikeli a ɗura ruwa a koma yadda ake. Auta na cikin wannan azabar. Ba ya shan ruwa sai ya jiƙa leɓe, yana tsalle da igiya cikin rigar leda, yana yawo da gora yana tofa yawu a ciki. Idanunsa sun faɗa, kumatunsa sun shige. To wa zai ga wannan ya ce ciwon kai da jiri wani abu ne daban?

Ya sami Koci a gindin matakala. Koci ya sosa ƙeya ya ce, "Rage nauyi ne, Baba. Duk haka suke yi. In ya sha ruwa zai dawo daidai." Bai yarda ya haɗa ido da shi ba.

Ya sami Manaja a jikin motarsa. Shi kuwa murmushi ya yi, ya dafa masa kafaɗa. "Haba Baba Guduma, ba ku ne kuka ce santsi ba? Kowa ya ji. Yau kuma sai ku canja?"

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tunkari yaron da kansa. Ya tarar da shi kwance a falo da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Ya zauna a gefen kujera, ya ce, "Auta, ka janye. Kanka ba daidai yake ba."

Auta ya cire tawul ɗin a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Kawu, kai ne ka hau da karyayyen haƙarƙari ko ba kai ba ne? Kai ne ka yi turmi tara da ido ɗaya a rufe ko ba kai ba ne? Tun ina ƙarami kake ce mana ragwaye, 'yan katifa. Sauran suna dariya, ni ban taɓa dariya ba. Kullum ina cewa wata rana sai ka kalle ni ka ce wannan ko a zamaninku zai tsaya. Ranar ta zo, sai ka ce in gudu saboda ciwon kai?"

Duk kalmar da yaron ya jefo wa Guduma tasa ce, ya san inda ya faɗe ta da yadda ya faɗe ta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a cikin igiya ba.

Ranar awo aka taru a zauren wani otal. Fitilu, kyamarori, kiɗa kamar zai fasa kunne. Auta ya hau sikeli daga shi sai gajeren wando, nauyi ya yi daidai, aka yi tafi. Aka haɗa shi goshi da goshi da abokin karawarsa, wani ƙato mai zane a wuya, suka zagi juna yadda aka koya musu. A da, wannan wasan kwaikwayon shi Guduma zai yi ta tsine wa har su isa gida. Yau ko kallo bai ishe shi ba. Idonsa na kan wani tebur a lungu, inda likitar hukuma take zaune, matashiya mai gilashi. Shekara da shekaru yana cewa likitoci ne suka lalata dambe. Ya ja ƙafa ya je ya tsaya a gabanta, ya cire hularsa.

"'Yata, yaron nan ya suma a atisaye. An ɓoye."

Ta ajiye bironta nan take. Ba ta yi masa kallon raini ba, a ba ta haƙƙinta. Ta sa aka kira Auta, da Koci, da Dogo, Manaja ya biyo su ba a kira shi ba. Ta haska wa Auta tocila a ido, ta ce ya bi yatsanta, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya faɗi ranar yau da sunan otal ɗin. Auta ya riga ya sha ruwa, fuskarsa ta fara cika. Kuma ɗan dambe, in akwai abin da ya iya fiye da naushi, to ɓoye ciwo ne. Ya yi komai tsaf, har da yi mata barkwanci.

"Ya faɗi?" ta tambayi Koci.

"Santsi ne, likita."

Ta kalli Dogo. Dogo ya kalli takalminsa ya ce, "Santsi ne."

Ta juyo ga tsohon. "Baba, wace rana abin ya faru?"

Guduma ya buɗe baki. Talata ce? Laraba? Fitilun suna dukan idonsa, kiɗan na bugawa a ƙirjinsa, mutum biyar sun zuba masa ido. Harshen ya ƙara nauyi. "Ran... da rana ne. Hannunsa ya sandare. Na gani da idona. Bahago ya faɗi, ya yi munshari, muka ce..."

"Wane ne Bahago?"

Manaja ya matso, ya sassauta murya kamar mai tausayi. "Likita, abokinsa ne. Ya rasu tun ba a haife ki ba. Baba ya sha duka a zamaninsu, ba hula ba likita. Wani lokacin abubuwa kan haɗe masa. Muna lallaɓa shi ne."

"Auta nake nufi!" Guduma ya daka tsawa, yawu ya fantsamo daga bakinsa. "Auta na ce!" Mutane suka waiwayo. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

Likitar ta ce hoton ƙwaƙwalwar da aka yi wa Auta watan jiya lafiya lau yake, gwajin yau ma bai nuna komai ba, shaidu biyu sun ce santsi, ba ta da abin da za ta riƙe ta hana shi. Ta yi alkawari za ta zauna dab da igiya, da ta ga alama za ta tsayar da wasan. Ta jawo masa kujera ta ce, "Baba, ku zauna ku sha ruwa." Ya zauna. Ya san alamar da za ta gani, kuma ya san in ta gan ta an riga an makara.

Manaja ya so a hana shi shiga ɗakin shiri ranar wasan, Auta ya ƙi. Ya ce tun da ya fara dambe hannu ɗaya ke naɗa masa bandeji, ba yau zai canja ba. Ta haka Guduma ya samu kansa da yammacin Asabar a wani ɗaki mara taga a ƙasan filin wasa, mai warin man zafi da gumi. Ta cikin rufin ana jin dirin 'yan kallo, ana ƙananan wasanni kafin babba. Ƙanwarsa, uwar Auta, na can sama da sabon kaya, an ba ta kujera a gaba. Bai gaya mata komai ba. Ya gwada sau ɗaya a kicin, ta ce, "Yaya, ka sha maganinka kuwa?"

Auta ya juya kujerar ƙarfe ya hau ta ta baya, ya ɗora hannunsa na hagu a kan majinginar, yadda ake yi. Jami'in hukuma ya tsaya a gefe da biro, don yanzu ba a naɗa hannu sai a gabansa. Wakilin abokin karawa ya harɗe hannu yana sa ido, mai bidiyo na zagayawa. Guduma ya ɗauki bandeji, rawar hannunsa ta tsaya. Ya zagaya wuyan hannu, ya tsallaka bayan tafi, ya yi wa gaɓoɓi matashi, ya bi tsakanin yatsu da siraran filasta. Bai taɓa naɗi mai kyan wannan ba. Jami'in ya duba, ya gyaɗa kai, ya sa hannu a kan filastar.

Auta ya sauke hagun ya ɗora dama. Ya sunkuyo da kansa dab da kunnen tsohon kamar mai neman addu'a, ya yi magana yadda babu mai ji sai shi.

"Kawu, kada ka yi motsi. Tun safe komai biyu nake gani. Jami'in nan ma biyu ne. Kaina kamar an ɗaure shi da waya ana ja." Ya ƙara matsowa. "Ka gaya min, ya kuke yi a zamaninku in abu ya zama biyu? Na san akwai dabara."

Akwai kuwa. Amsar ta taso har bakin Guduma da kanta, da ɗan alfaharinta, kamar yadda ta saba tasowa. Ya datse haƙoransa a kanta. Ya kalli ƙofa. In ya yi ihu a kira likita, yaron zai miƙe ya yi murmushi ya bi yatsa, a ce tsoho ya sake rikicewa, a fitar da shi, wani ya ƙarasa naɗin. Babu wanda zai ji maganarsa a ginin nan, ya riga ya gwada kowa.

Ya riƙe hannun. Ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya yana murzawa, yadda yake yi kullum kafin naɗi. Ya san hannun nan tun yana shigewa cikin tafinsa gaba ɗaya, ya san kowane ƙashi a cikinsa da inda ya fi siranta. Hawaye ya cika masa ido, Auta ya zaci na alfahari ne, ya yi masa murmushi. Guduma ya gyara bayan tafin a daidai bakin ƙarfen majinginar, ya ɗora tafukansa biyu a kan yatsun.

"Ka yafe min, ɗana," in ji shi. Ya saki duk nauyin jikinsa a kai.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ihun da ya biyo baya ne ya cika ɗakin. Auta ya zabura, kujerar ta kife, kuma kafin kowa ya motsa hagun nan da aka gama naɗawa ta sauka a bakin tsohon. Guduma ya tafi da baya ya bugi bango ya zame ƙasa. Koci na salati, jami'in na kiran a zo, Manaja ya dafe kai da hannu biyu yana zagi, mai bidiyo bai sauke kyamararsa ba.

Auta ya durƙusa riƙe da hannun, bayan tafin ya riga ya fara tashi. Yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ka kashe ni, Kawu! Me na yi maka? Baƙin ciki kake don zan wuce ka? Wallahi daga yau ba ni da kawu!"

Masu gadi biyu suka ɗaga tsohon ta hammata suka fitar da shi cikin dogon lungun da ke zuwa ƙofar baya, suka jingina shi da bango suna jiran 'yan sanda. Jini na zuba a gaban rigarsa, haƙori ɗaya na yawo a bakinsa. Daga sama aka yi sanarwa, dirin 'yan kallo ya koma ihun haushi da buga kujeru. Ba a jima ba aka fito da Auta, an ɗora masa ƙanƙara a hannu, ana kai shi motar asibiti. Ya wuce ta gabansa bai ko waiwayo ba.

Uwar ce ta tsaya. Ta sauko a guje, ɗankwalinta a hannu. Ta kalli yayanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Yaya, me ka yi wa ɗana?"

Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya tura maganar ta cikin kumburarren leɓe da harshen da ya ƙi juyawa. "A duba kansa. In kun je, ba hannun ba. Ki ce a duba kansa."

Ta matso kamar za ta saurara, sai ta ga jinin da yawun, ta ja da baya. Ta juya ga masu gadin. "Don Allah ku yi a hankali da shi, ba shi da lafiya." Ta bi bayan ɗanta da sauri.

"Kansa!" ya ƙwala mata kira. "A duba kansa!"

Ƙofar ƙarfen ta rufe a bayanta. Ya ji motar ta tashi, jiniyarta na nisa. Bai sani ba ko ta ji shi, ya ci gaba da faɗa wa masu gadin, su kuwa suna ce masa, "To Baba, an ji, zauna."